CT ko MRI: Wanne Ya Fi Gano Sankarar Da Ta Bazu Zuwa Ƙwaƙwalwa?

Idan mai sankarar mama ko ta huhu ya fara ciwon kai mai naci, ko farfaɗiya, likita a Jos zai tura shi ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. A nan iyali ke tsayawa tsakanin hanyoyin ɗaukar hoto biyu: CT, mai aiki da hasken X-ray, da MRI, mai aiki da maganaɗisu.

CT ya fi sauƙin kuɗi, kuma cikin mintuna kaɗan an gama. Idan jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, nan take zai nuna. Matsalarsa ita ce ƙananan ƙari, musamman na ƙasan ƙeya inda ƙashi ke da kauri, sukan ɓuya masa, sai a ce wa mutum babu komai.

MRI kuwa sai an yi haƙuri. Mara lafiya zai kwanta kusan rabin awa cikin ƙarar na'ura ba motsi, ga tsada, kuma dole a bincika in akwai ƙarfe a jikinsa. Amma idan aka yi allurar gadolinium, wani sinadari da ke sa ƙari ya fito fili a hoto, yakan fito da ƙarin da bai fi ƙwayar gero girma sosai ba, ya kuma taimaka wajen bambance sankara da ƙurji mai ruwan mugunya.

Abin da ya fi damuna shi ne tarin fuka. A hoto, ƙarin da yakan haifar a ƙwaƙwalwa kan fito da zobe kewaye, kamar na sankara, kuma cutar ta yi yawa a wajenmu. Sai a ɗora mutum kan maganin tarin fuka watanni, sankara na ci gaba. Don haka, ga wanda aka san yana da sankara, ni na fi son a lallaɓa a yi MRI, a kuma miƙa wa mai karanta hoton cikakken tarihin ciwon.