Dattijon da ya tashi tsohuwar taraktarmu

Massey Ferguson 135 ce, ja, mahaifinmu ya saye ta na hannu tun muna yara. Irinta an ƙera su ne a Coventry ta Ingila a shekarun 1960 da 1970, wato ta girme ni. Shekara shida tana kwance a gindin darbejiya, har kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Makanikai biyu sun duba, duka suka ce injin ya buga, a sayar wa 'yan gwangwan.

Na ukun wani dattijo ne da aka yi mini kwatancensa. Da ya zo bai taɓa sifana ba sai da ya leƙa salansa. Ya ce, "Yaro, wa ya bar ta ba murfi? Ruwan sama ne ya shiga, fistin ya yi tsatsa ya kama."

Na ce, "Baba, za ta tashi kuwa?"

Ya ce injinta, Perkins mai silinda uku, ba ya mutuwa haka kawai. Ya cire nozul, wato masu fesa mai cikin silinda, ya zuba man gas ta ramukan, ya ce a bar ta mako guda. Ni dai na ɗauka dabarar cin kuɗi ce. Ranar da ya dawo, da hannu ya juya injin. Ringi, layina da gasket kaɗai ya sa na sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Famfon mai, wanda na riga na haƙura da shi, wankewa ya yi ya sauya robobinsa. Da ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, mahaifiyarmu ta fito tana salati don ta gane ƙarar.

Aibinsa kuwa jinkiri. Ya ce mako biyu, aka kwashe bakwai, ga shi ba ya ɗaga waya, har ruwan shuka ya sauka na yi hayar wata taraktar. Sannan haidirolik bai gamsar da ni ba: tana ɗaga haro, amma in aka kashe injin sai ya riƙa sauka a hankali. Ya ce sai an buɗe murfin ƙarƙashin kujera, da sabon lissafi.

Duk da haka wurinsa zan koma bayan girbi. Mai irin wannan tarakta ya kai masa tun da rani, kuma ya riƙe rabin kuɗin aiki sai ta shiga gona. Salansar kuwa yanzu gwangwanin tumatir na kife a kanta.