ZFS, LVM ko Btrfs: wanne za ka ɗora rumbun bayananka a kai?

Kwafar fayilolin rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL da umarnin kwafi na cp ko rsync alhali sabar tana aiki wahalar banza ce. Kafin ka kai fayil na ƙarshe, na farko ya riga ya canza. Shi ya sa ake ɗaukar sinafshot, abin da tsarin sarrafa faifai irin ZFS, LVM da Btrfs ke iya yi, wato a daskarar da hoton faifan a ƙiftawar ido, sannan a kwafa daga nan a natse. Abin da za ka samu daidai yake da halin da rumbun kan shiga in an ɗauke wuta ba zato: PostgreSQL ya bi WAL, kundin da yake fara rubuta kowane canji a ciki, ya gyara kansa, InnoDB, injin ajiya na MySQL, ya bi nasa kundin. Sharaɗin dai shi ne bayanan da kundin su shiga sinafshot a lokaci guda. In suna faifai daban-daban ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye shara.

A nan ne ZFS ya yi wa saura fintinkau, kuma shi nake so. Sun Microsystems ne suka fito da shi a 2005, yanzu OpenZFS ke riƙe da shi. Umarnin zfs snapshot -r yana ɗaukar duk sassan da ke ƙarƙashi a tare, don haka ko ka ware WAL a sashensa cikin tafki ɗaya (faifan da ZFS ya haɗa wuri guda), babu matsala. Ba ka yanka wa sinafshot fili tun farko, yana ci ne daga sararin tafkin gwargwadon abin da ya canza. Sannan ga zfs send, mai tura bambancin jiya da yau kawai zuwa wata na'ura, abin da ke da daɗi ga wanda intanet ɗinsa ba ta da ƙarfi. Kowane gutsuren bayani yana da lambar tantancewa, in faifai ya fara ruɓewa scrub, umarnin da ke bincika faifan gaba ɗaya, zai tona shi. Ka dai saita recordsize, wato girman gutsuren da ZFS ke rubutawa, ya kusanci girman shafin rumbun: 16K ga InnoDB, PostgreSQL kuwa shafinsa 8K ne. Illar ZFS son RAM, kuma saboda lasisinsa ba ya cikin ainihin kanel ɗin Linux, amma Ubuntu na zuwa da shi tun 16.04.

LVM yana nan a kusan kowace sabar, shi ke nan falalarsa. Tsohon salonsa sai ka yanka wa sinafshot fili, in ya cika ya mutu shiru, kuma rubutu na yin nauyi muddin yana buɗe. Na taɓa karɓar sabar da kwafinta ya daɗe yana mutuwa haka kowane dare, ba wanda ya sani. Btrfs kuwa rumbu mai yawan rubutu yana sa fayilolinsa su warwatse gutsu-gutsu, in ka kashe kwafi-kafin-rubutu (rubuta canji a sabon wuri maimakon kan tsohon) don gudun haka, lambar tantancewar ma ta tafi.

Mai tebura na MyISAM, tsohon injin ajiya na MySQL, sai ya kulle rubutu da FLUSH TABLES WITH READ LOCK, ya bar zaman haɗinsa da rumbun a buɗe har sinafshot ya kammala. Ɗan shirin da ya rufe zaman nan take ya saki makullin ke nan.

Sai batun masu cuta, kuma su ne suka fi yawa. Kamfanin hayar sabar zai rubuta maka "kwafi kullum", ka tambaye shi ina kwafin yake. In a faifan da rumbun yake ne, ko ya ce maka ai akwai RAID (faifai masu maimaita juna), to babu kwafi. RAID zai maimaita maka kuskurenka a faifai biyu ne kawai. Wani kuma rsync yake yi da rana tsaka ya kira shi sinafshot. Faifan kansa ma a kula: ana sayar da tsofaffi da aka goge musu awannin aiki, da na bogi masu nuna girman da ba su da shi. Ka cika sabon faifai da f3, manhajar gwada girman faifai na gaskiya, ka karanta kafin ka amince masa.

Manya ma sun sha wannan. Ran 31 ga Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu haɗa manhaja ayyukansu, ya goge kusan 300GB na rumbunsu, sai aka tarar pg_dump, mai kwafe rumbun PostgreSQL, ya daɗe ba ya aiki saboda shi sigar 9.2 ne, rumbun kuwa 9.6. Sinafshot ɗin LVM da aka ɗauka awa 6 kafin nan ne ya cece su (a yi wa LVM adalci a nan), bayanan awannin kuwa suka tafi. Don haka kafin ka biya kowa, ka ce ya ɗora kwafin daren jiya a wata na'ura a gabanka, ya tada rumbun, ka ƙirga layukan babban teburinka da kanka.