Wasiƙa daga Croydon: faifan garmahon da na saya fam biyu

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kowa lafiya, a gaida min Hajiya da yara.

Ka tambaye ni tsadar rayuwa a nan Ingila. Haya na cinye kusan rabin albashi, doya guda a shagon 'yan Afirka sai ka yi tunani kafin ka ɗauka, aski ma ba a cewa komai. Amma akwai abin da na samu kusan kyauta, shi nake so mu yi magana a kai.

Kwanaki na shiga wani shagon gwanjo neman rigar sanyi, sai na ga kwali cike da faifan garmaho, irin baƙin nan mai nauyi da ke juyawa sau 78 a minti. Fam biyu na biya na ɗauki ɗaya don sunan da ke jiki: Samuel Coleridge-Taylor, wani mai tsara kiɗa. Ashe ɗan unguwarmu ne. An haife shi a Landan a 1875, mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo, a nan Croydon ya tashi. Yana da shekara 23 ya tsara Hiawatha's Wedding Feast, kiɗan da ya game Ingila, amma saboda rashin kuɗi ya sayar da haƙƙin mallakarsa kacokan kan gini 15 (guinea, tsohon kuɗin Ingila). Masu buga takardun kiɗan suka ci riba, shi kuwa ya yi ta aiki ba hutu har ciwon huhu ya kashe shi a 1912, yana da shekara 37. Wallahi Yaya abin ya taɓa ni. Daga 1924 zuwa 1939 ana cika zauren Royal Albert Hall don kiɗansa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka bi aka manta da shi.

Ba ni da garmaho, don haka na tafi British Library, babban ɗakin karatu na ƙasa, da ke St Pancras a Landan. Katin shiga kyauta ne, shaidar kanka da ta wurin zama kawai suke nema. Suna ajiye da sauti sama da miliyan 6. Na nemi lokaci, aka zaunar da ni, aka sa min kiɗan nasa a kunne. Ƙarar allura na nan shaa kamar yayyafi a kan kwano, amma muryoyin mutanen da suka daɗe da mutuwa na fitowa tar. A ɗakin karatun nan ne ma aka gano rubutun wasan waƙarsa Thelma da aka ɗauka ya ɓata, aka fara nuna shi a Croydon a 2012. Yanzu ƙungiyar makaɗa ta Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku ta kafa a 2015, ta sake ɗaukar kiɗansa. Mahaifinta ɗan Najeriya ne.

Ina zaune a wurin hankalina ya koma kan akwatin kaset ɗin Baba da ke ɗakin zaure. Zafi da damina suna cin zaren kaset, in ya manne shike nan. A nan na samu shagon da ke mayar da kaset cikin kwamfuta, kuma zan iya biya. Don Allah ka fitar da su daga ƙarƙashin gadon, ka rubuta sunan makaɗi a jikin duk wanda ka gane, musamman na bikin Inna. Kada a bar yara su gwada su a tsohuwar rediyon nan. In Alhaji zai taso bayan sallah, a ba shi ya taho min da su.

Ƙaninka.