GTA V ko Red Dead Redemption 2? Ka sayi na dokin

Ɗan uwa, tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka kuma tsakanin waɗannan wasannin gem biyun kake ta juyi, ka ɗauki Red Dead Redemption 2. Duka ina da su a PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4. Kamfani ɗaya ne ya yi su, Rockstar, kuma in ka duba da kyau ginin iri ɗaya ne: 'yan fashi, fili mai faɗi, hukuma tana bin sawunka. Shekara ce ta raba su. Duka a Amurka ne, amma labarin GTA V a 2013 yake, na Red Dead a 1899, kuma wannan tazarar ta shekara 114 ita ke yanke maka abin da za ka iya yi da abin da ba za ka iya ba.

A 1899 ba waya a aljihu, ba rediyo, mota kuma sai jefi-jefi a manyan birane. Jirgin saman 'yan uwan Wright sai a 1903 ya tashi, motar Ford mai araha ta Model T sai 1908. Saboda haka a Red Dead abin hawanka doki ne, kuma ba a ba ka shi a matsayin mota mai ƙafa huɗu ba. Sai ka goge masa jiki, ka ba shi abinci, ka lallashe shi in ya ga maciji ko ya ji ƙarar bindiga, sannan a hankali ya saba da kai har ya rage jefar da kai. In ka yi masa fito daga nesa ba zai ji ba. Manyan bindigoginka a jikin sirdi suke, in ka sauka ba ka zaro su ba, to da 'yar ƙaramar ƙugunka za ka shiga faɗa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake hidimar doki ana gobe hawan sallah zai gane abin tun daga farko.

Ina da wata goɗiya fara da na saya a bargar garin Valentine, da ita na yi mafi yawan wasan. Wata rana da dare, a cikin wasan, masu farautar ladan kaina suka biyo ni ta kan tudu, na sake mata linzami a duhu, muka gangara rami. Ba ni da maganin farfaɗo da doki a jaka. Ina tsaye a kanta ta cika. A Red Dead in doki ya mutu ya mutu ke nan, ba ya dawowa. Na ɗauko sirdin a hannu na taka da ƙafa har bakin hanya, ba kiɗa, ba kowa, sai kukan tsuntsayen dare. Wallahi sai da na ajiye hannun gem ɗin na ɗan zauna shiru. Motocin da na farfasa a GTA ba su da iyaka, ko ɗaya ba na iya tunawa da launinta.

Haka zamanin ya shiga harkar laifi ma. In ka yi ɓarna a Red Dead, wanda ya gan ka sai ya ruga da ƙafarsa ko a dokinsa ya je ya faɗa wa hukuma, kai kuma kana da damar cim masa ka tsorata shi ya yi shiru. Ka rufe fuska da ƙyalle, ka sauya kaya, sai a yi wuyar shaida ka, don ba kyamarar tsaro. In an sa lada a kanka, gidan waya za ka je ka biya, can kuma kake karɓar wasiƙa. Bindigar ƙugun da kake farawa da ita harsashi shida take ci, ɗurinta da ɗaukar lokaci, in ka bar ta ba goge ba mai sai ta yi datti ƙarfinta ya ragu. Don haka kowane harbi sai ka yi tunani.

Labarin kansa ɗan shekararsa ne. Layin dogo ya haɗa gabas da yammacin Amurka tun 1869, a 1890 hukumar ƙidayar ƙasar ta ce ba sauran wani bakin daji da za a iya shata wa layi. Ayarin 'yan fashin Dutch van der Linde, wanda kai kake cikinsa a matsayin Arthur Morgan, mutane ne da duniya ta ƙure wa wurin gudu. Jami'an Pinkerton da ke farautarsu kamfanin bincike ne na gaske a tarihin Amurka. Ka shiga Saint Denis, birnin da aka kwaikwayo daga New Orleans, ka ga fitilun lantarki da taragon titi da hayaƙin masana'antu, za ka ji yadda Arthur yake takura a ciki. A bakin titin wasu garuruwan ga tsofaffin sojojin yaƙin basasar da ya ƙare a 1865 suna bara, wani ba hannu, wani ba ƙafa. A garin Rhodes mata na zanga-zangar neman 'yancin zaɓe, abin da ba su samu a faɗin ƙasar ba sai 1920. 'Yan asalin ƙasar kuma ana neman tashinsu daga ɗan yankin da ya rage musu saboda man fetur. Akwai kuma wanda zai kamu da tarin fuka, ba zan faɗa maka ko wane ne ba. Maganin farko da ya yi aiki a kan cutar, streptomycin, sai a 1943 aka gano shi, don haka likitan 1899 ba abin da zai iya sai ya ce a nemi wuri mai busasshiyar iska a huta. Da a 2013 ne, da rabin labarin ya rushe a ɗakin likita.

GTA V kuwa, ba laifi, yana da daɗin tuƙi, kuma in abokai sun taru ana dariya. Amma komai a wayar aljihu yake, ka kira tasi, ka tsallake tafiyar, ka sace jirgi mai saukar ungulu, makamai duk suna jikinka ba nauyi. Nawa yana cikin durowa tun da na gama labarin. Ga batsa da ashar da suka yi yawa, ba abin kunnawa ba ne a falo gaban iyaye. Shi ma Red Dead ɗin na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, kada ka bar wa ƙanne.

Sai ka yi hattara wurin saye. Red Dead na PS4 faifai biyu ne a cikin kwali, ɗaya na zuba wasan a na'ura, ɗaya na bugawa. Wasu masu sayar da na hannu sukan miƙo maka guda ɗaya su ce ai ya isa, sai ka je gida ka ga ba ya tashi. Ka buɗe kwalin a gabansu, ka ɗaga faifan biyu a haske ka duba karce, in da hali a gwada a shagon. Masu cewa za su zuba maka ta asusunsu da rabin kuɗi kuwa, ka rabu da su, ranar da suka sauya kalmar sirri wasan ya kulle, lambarsu kuma ba za ta ƙara shiga ba. Ka share wuri kamar giga 100 kafin ka sa.

Babin farko cikin dusar ƙanƙara yake kuma yana da jan ƙafa, mutane da yawa nan suke yar da shi. Ka daure har ayarin ya sauko sansanin kusa da Valentine. Kana isa can, ka fara sayen maganin farfaɗo da doki ka ajiye a jaka.