Reza, Kilifa, Hoda, Halawa ko Leza: Me Za Ki Saya Don Fuska Ta Yi Sumul?

Na daɗe ina sana'ar gyaran jiki a Tudun Wadan Kaduna, dilka da halawa da lalle, kuma akwai tambayar da ba a yi mini ita sai shago ya watse. Mai tambayar takan jira amarya da ƙawayenta su fita, sannan ta matso, ta ɗan sauke mayafi ko takunkumi daga haɓarta, ta ce a hankali, "Anti, wannan fa, ya zan yi da shi?"

Masu wannan tambaya iri biyu ne a wurina. Akwai matan aure da 'yan mata da gashi ya fito musu a haɓa saboda rikicewar sinadaran jiki, galibi ciwon nan da likitoci ke kira PCOS, wanda ke samun kusan mace 1 cikin 10. Akwai kuma masu sauya jinsi zuwa mace, waɗanda gemu da saje suka riga suka cika musu tun lokacin balaga, kuma ganinsa a madubi kowace safiya yana ƙona musu rai. Su na biyun nan ba su da inda za su yi tambaya a fili a garinmu, shi ya sa suke sayen duk abin da aka tallata musu a waya, su ɓata fuska su ɓata kuɗi. Na fi tsayawa a kan cikakken gemu mai kauri domin shi ya fi wuyar sha'ani, amma maganar ta shafi kowa.

Kafin ki shiga Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci da kuɗinki, ki san abu ɗaya game da gashinmu. Murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi ƙasa-ƙasa har bakinsa ya yi tsini, yakan lanƙwaso ya soki fata, ko ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Daga nan ƙurajen aski suke zuwa. Fatarmu kuma ba ta mantuwa: duk inda ƙurji ya fito, baƙin tabo zai zauna a gurbinsa wata da watanni. Tsiron gashi kwana ɗaya ne, ana aske shi gobe, amma tabon da ya zagaye haɓa da wuya yana zana siffar gemu a fuska ko da babu silin gashi ko ɗaya. Don haka ni ba na auna kayan aski da yadda suke share gashi tas a ranar farko. Ina auna su da yadda fata za ta kasance bayan wata uku.

Mu fara da reza, tun da ita ce a hannun kowa. Mai baki uku ko biyar, irin ta Gillette da ake sauya mata kai, ita ce ta fi ba da santsi nan take, kuma dalilin santsin shi ne matsalarta. Bakin farko yana ɗan jawo silin gashi sama, na bayansa su yanke, sai gashin ya koma ƙarƙashin fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi ba komai. Ga mai murɗaɗɗe, an shuka ƙuraje ke nan. Mai baki ɗaya, ko irin ta roba da ake yarwa ko irin ta ƙarfe ta iyayenmu da ake kwancewa a sa reza a ciki, tana yanke gashi daidai saman fata. Ta ƙarfen nan sau ɗaya ake sayenta, rezar cikinta kuma tana da araha har za ki iya sauyawa ba tare da jin ciwon aljihu ba. Tana dai son koyo: hannu sakwa-sakwa, ba dannawa, nauyinta ya isa. Idan reza za ki saya, ita nake zaɓa miki.

Amma rabin aikin ba a reza yake ba. Ki jiƙa fuska da ruwan ɗumi minti biyu ko uku, ko ki yi askin bayan wanka, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin yankuwa nesa ba kusa ba. Ki shafa man aski mai santsi, ba sabulun wanka ba. Kafin nan, ki bar gashin ya yi kwana biyu ki shafa shi da yatsa ki gane inda kowane ɓangare ya kwanta, don na kumatu ƙasa yake kallo, na wuya kuwa sau da yawa yana karkata gefe ko ma sama. Ki bi kwanciyar gashin a zagayen farko. Idan bai yi miki ba, ki sake shafa mai, ki ratsa ta gefe. Yi wa gashi gaba da gaba, musamman a maƙogwaro, da jan fata da yatsu don reza ta kai ƙasa, su ne suka fi kawo ƙuraje, kuma na san su ne abin da zuciya ta fi so ranar da ake son fuska ta yi kamar tafin hannu. Ki ajiye wannan don ranar biki kawai, kuma a haɓa da saman leɓe kawai. Reza ta yi aski biyar zuwa bakwai a jefar da ita, kar a bar ta a jiƙe a banɗaki, kuma kar a yi tarayya da kowa a kanta, don ciwon hanta nau'in B yana bin jinin da ido ba ya gani.

Bayan aski, ruwan sanyi, sannan mai mara turare. Sifirit ɗin da masu aski ke fesawa yana busar da fata, a hunturun Kaduna kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fuska har tsagewa take yi. Man kaɗanya kaɗan yana yi wa wasu daidai, wasu kuma yana toshe musu fata, sai ki gwada ki gani.

Mutane suna yawan ce mini suna tsoron aski don gashi zai ƙara kauri. Ba ya ƙarawa. Tun 1928 wata masaniyar jikin ɗan Adam a Amurka, Mildred Trotter, ta gwada ta nuna haka. Bakin gashin da aka yanke ne ya zama dakusasshe, shi ya sa yake kaushi a hannu.

Kilifa ita ce mafi aminci ga fata, domin tana barin ɗan tsiro kaɗan a sama, gashi ba ya samun damar komawa ciki. Sai dai wadda take son a daina ganin inuwar gemu ba za ta gamsu da ita ba. Tsakanin kilifa da reza akwai injin aski mai raga a baki, wanda gashi ke shiga ƙananan hudoji wuƙa ta yanke shi daga ciki. Shi ne abin da na fi ba wa mai aski kullum shawara a kai. Bai kai reza santsi ba, amma ana iya bi da shi safe da yamma ba tare da fata ta ɗaye ba, ba ya buƙatar ruwa, yana shiga jaka. Ki sayi mai caji, kin san halin wutarmu, kuma ki tambayi mai shago ko ana samun ragar canji, don raga tana hujewa, idan ta huje tana yanka. Na jabu sun cika kasuwa da sunan Wahl da Andis da Braun. Ki sa a kunna miki a gabanki, ki ɗora a gashin hannunki. Wanda yake fizga maimakon yanka, ki ajiye musu kayansu.

Sai hodar aski, wadda aka fi sani da Magic. Ana kwaɓa ta da ruwa a shafa, sinadarin cikinta ya narkar da gashi, a kankare da bayan cokali ko wani abu mara kaifi. Amfaninta a fili yake: bakin gashin ba ya yin tsini, ƙuraje suna raguwa, santsin kuma yakan kai kwana biyu zuwa huɗu. Amma abin da ke narkar da gashi yana iya cin fata. Na ga wata baiwar Allah da ta yi aski da reza da safe, da yamma ta ga bai yi mata ba ta ɗora hoda, ta bar ta kusan minti goma sha biyar tana waya. Washegari ta zo mini haɓa a saluɓe, jajawur tana ruwa, daga baya wurin ya yi baƙi ƙirin kamar an ɗora dutsen guga. Ki gwada a ɗan wuri a gefen muƙamuƙi ki jira kwana ɗaya. Ki duba agogo, kar ki wuce mintocin da aka rubuta a gwangwani. Kar ki ɗora ta a fatar da reza ta taɓa jiya ko yau. Man cire gashin ƙafa da hammata kuwa ba na fuska ba ne, ko da sunan kamfanin ɗaya ne.

Halawa sana'ata ce, sukari da lemun tsami da ruwa, kuma a ƙafa da hannu ba ta da na biyu. A kan cikakken gemu ba na yin ta, kuma da kuskure na koyi haka. Farkon buɗe shagona wata ta roƙe ni, ni ma ina son in faranta mata, na ɗora mata a haɓa da kumatu. Saiwar gemu tana da zurfi da kauri. Ta yi hawaye, jini ya ɗan tsattsafo, muka yi murna da santsin mako biyu. Da gashin ya tashi dawowa, rabinsa a cikin fata ya tsaya, tabon kuma ya fi wata shida. Har yau idan na tuna raina ba ya daɗi. Ga mai silin gashi goma ko ashirin a haɓa, halawa ko zare ko matsefata za su iya yi. Ga mai gemu, a'a. Ban da haka, halawa tana son a bar gashi ya kai kusan rabin santimita kafin ta kama, gemu kuma kimanin santimita 1 yake yi a wata, wato mako biyu ke nan na yawo da abin da ake son ɓoyewa.

Akwai maganar da ya kamata masu sauya jinsi su ji tun da wuri, don kar su zauna jira. Magungunan sinadarin mata da masu danne na maza, irin su spironolactone, suna sa gashin ƙirji da na ƙafa ya yi laushi ya ragu a hankali, amma gemun da ya riga ya kafu ba ya tafiya da su. Iyaka ya rage saurin fitowa. Kuma ba magungunan da za a saya a kemis a sha da ka ba ne: spironolactone yana iya ɗaga sinadarin potassium a jini har ya taɓa bugun zuciya, sai da gwajin jini a-kai-a-kai, mai ciki kuma ba ta shansa sam. Mace da gashi ya fito mata tare da rikicewar al'ada ta je ta ga likitan mata, ko a asibitin Barau Dikko ko na Shika, domin a nemo tushen abin. Akwai kuma man shafawa mai suna eflornithine da likita ke rubutawa. Yana rage saurin tsiro bayan wata ɗaya zuwa biyu, ba ya cire gashi, kuma da an daina shafawa gashin yana komawa yadda yake cikin kamar wata biyu.

Abin da ke rage gemu da gaske leza ce, wato injin haske mai ƙona saiwar gashi, kuma a nan ne tambaya ɗaya take raba gyara da ɓarna. Hasken leza baƙin launi yake nema ya ƙona. A jikin Bature gashi ne kawai baƙi. A jikinmu fatar ma tana da launin, don haka injin da bai dace ba zai ƙona fata tare da gashi. Wanda aka fi amincewa da shi ga baƙar fata shi ne Nd:YAG, mai tsawon zangon haske 1064, domin haskensa yana wuce saman fata ya kai ga saiwa. Ki tambayi sunan injin kafin ki biya ko sisi, ki nemi a gwada miki a ɗan wuri ƙarƙashin muƙamuƙi, ki koma gida ki ga yadda zai yi bayan 'yan kwanaki. Wurin da suka ƙi gaya miki sunan injinsu, ki fita. Ƙananan injinan IPL, masu walƙiyar haske da ba leza ba, da ake tallatawa a Instagram don amfani a gida ba a yi su don fata mai duhu ba, kwalayensu ma suna nuna haka a jadawalin launi. Ana zaman leza duk bayan mako huɗu zuwa shida, sau shida zuwa takwas aƙalla, gemu mai kauri kuma yakan nemi fiye da haka. Idan Abuja za ki riƙa zuwa, ki haɗa kuɗin jirgin ƙasa na Rigasa zuwa Idu a lissafin kowane zama. Ba ta kama furfura, kuma ragewa take yi sosai, ba lallai ta kawar da kowane sili ba. Ga wani dalilin kuma da ya sa nake hana mai gemu tsiga: leza tana buƙatar saiwa a wurinta, don haka wata guda ko fiye kafin zama, aski kawai.

Hanyar allura da lantarki, wadda wani likitan ido a Amurka, Charles Michel, ya fara ba da rahotonta a 1875 don gashin ido mai sukar ƙwayar ido, ita ce ke kashe saiwa gaba ɗaya, baƙi ko furfura. Sili ɗaya-ɗaya ake bi, cikakken gemu yana iya cin awa sama da ɗari, shi ya sa aka fi yin leza tukuna, a ƙarasa ragowar da allura. Mai fatar da tabo ke kumbura mata ya yi tudu ta faɗa tun kafin a taɓa ta.

Kafin kuɗin leza su taru, inuwar da ke saura bayan aski kwalliya ce maganinta. Ki sayi abin gyara launi mai ruwan lemu ko ja-ja, ki ɗan ɗiɗɗiga shi da yatsa a haɓa da saman leɓe, ki bar shi ya zauna, sannan fandeshan daidai launinki, sannan hodar kwalliya. Fandeshan mai haske a kan inuwa toka-toka yake komawa, musamman a zafin Maris da Afrilu idan gumi ya keto. Don tabo, ki nemi man shafawa mai ɗauke da sinadarin salicylic ko glycolic ki riƙa shafawa da dare sau biyu ko uku a mako, da man kariya daga rana da safe. Haɗin bilicin da ake durawa a roba babu suna babu lambar NAFDAC, ki nisance shi. Da yawa akwai sinadarin steroid a ciki, yana sa fata ta yi siriri har reza ta riƙa yanka ta, kuma yana iya ƙara fito da gashi a fuskar da ake ƙoƙarin sharewa.

Da za ki zo shagona yau da kuɗin abu ɗaya, injin mai raga zan ce ki saya. In da ragowar canji, ki ƙara reza ta ƙarfe da man aski don ranakun fita, da abin gyara launi ƙarami guda. Matsefatar da ke cikin jakarki kuma ki bar mini ita a nan.