Kashe waya ko yanayin jirgi: wanne ya fi a Makka?

Alhazai da mazauna Makka na yawan tambaya: idan caji ya yi ƙasa, a kashe waya gaba ɗaya ko a sa ta a yanayin jirgi (airplane mode, wanda ke katse sabis amma waya na kunne)?

A Mina da Arfa, cunkoso kan sa waya ta yi ta neman sabis, wannan kuwa na cinye batir sosai. Yanayin jirgi yana tsayar da neman nan take, amma kyamara, ƙararrawar Asuba da Alƙur'anin da aka sauke duk suna aiki. Dawowa ma daƙiƙu kaɗan ne.

Kashewa ta fi tanadi idan za a yi awanni ba a taɓa wayar ba, kuma ita ce maganin wayar da ta ɗau zafi: kamfanin Apple ya ƙayyade kada a yi amfani da iPhone a zafin da ya wuce digiri 35, zafin ranar Makka kuwa yakan wuce 40 a lokacin zafi. Sai dai a yawancin wayoyi ƙararrawa ba za ta buga ba, kuma bayan kunnawa sai an sa lambar sirri, yatsa ba ya buɗewa. Dattawa da dama a nan suke maƙalewa.

Mai duba waya jifa-jifa, yanayin jirgi ya ishe shi. Wanda batirinsa ya tsufa, ko zai wuni a rana, gara ya kashe.