Babbar Jami'a Ko Ƙarama: Abin Dubawa Kafin Yaro Ya Sa Hannu A Ƙwallon Amurka

Ranar 15 ga Disamba, 2021, Travis Hunter, matashin da masu auna bajintar 'yan sakandare suka ɗora a matsayi na ɗaya a duk faɗin Amurka a fagen ƙwallon ƙafa irin tasu, wato mai kama da zari-ruga, ya tsaya a gaban jama'a a makarantarsa da ke jihar Jojiya, ya yi wurgi da hular jami'ar Florida State wadda ya daɗe da yi wa alkawari, ya ɗauki ta Jackson State, ƙaramar jami'ar baƙaƙen fata da ke jihar Misisifi. Wata biyar da rabi kafin wannan rana, wato 1 ga Yuli, 2021, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta janye haramcin da ta daɗe da ɗorawa, ta bar ɗalibi ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa, tsarin da ake taƙaitawa da haruffan NIL. Tun daga lokacin zaɓen jami'a ya koma ciniki, kuma iyayen da Allah ya ba yaro mai ƙira da gudu, har da 'yan uwanmu mazauna Amurka, sun wayi gari suna cinikin hajar da ba su san farashinta ba.

Manyan jami'o'i irin su Alabama da Ohio State da Michigan da Texas su ne kowa ya sani, kuma babu mai musun abin da suke da shi. Filin wasan Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, ana nuna wasanninsu a talabijin kowace Asabar, kuma tun da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wato ƙarar da 'yan wasan jami'o'i suka shigar da NCAA kan kuɗi, a watan Yunin 2025, kowace jami'a tana da damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, adadin da manyan ne kaɗai ke iya cika shi. Matsalarsu guda ce, amma babba ce: mutum goma sha ɗaya ne ke shiga fili a lokaci guda daga tawagar da ta haura mutum ɗari, kuma yaron da aka yi wa kirari a garinsu zai tarar da zakaru uku ko huɗu suna jiran gurbin da ya zo nema. Quinn Ewers ya bar shekararsa ta ƙarshe a sakandare ya tafi Ohio State a 2021 saboda kuɗin talla, ya ƙare kakar yana ɗumama benci, sai da ya koma Texas kafin a san yana raye. Jami'o'in rukunin Ivy, su Harvard da Yale, ba sa ba da tallafin karatu don wasa, saboda haka ba su cikin wannan ciniki. Kwalejojin shekara biyu kuwa mafaka ce ga wanda makinsa na jarrabawa bai kai ba, ba wurin da zakaran gwajin dafi zai fara dubawa ba.

Ba zan ɓoye ba, hankalina ya fi kwanciya da jami'o'in tsaka-tsaki, irin su Boise State da Toledo da Memphis da Tulane, waɗanda suke buga wasa a babban rukuni amma ba su cikin manyan ƙawancen da ke kwashe kuɗin talabijin. Dalilina na farko shi ne dokar gasar ƙwararru ta NFL ba ta yarda a zaɓi yaro ba sai ya cika shekara uku da barin sakandare, kuma abin da masu farautar 'yan wasa suke kallo a cikin waɗannan shekaru shi ne bidiyon wasannin da ya buga da kansa. Wanda ya zauna a benci shekara biyu a babbar jami'a ba shi da abin nunawa sai riga mai suna. A jami'ar tsaka-tsaki, yaro mai hazaƙa yana shiga fili tun shekararsa ta farko, a gina dabarun wasa a kansa, koci ya san sunan mahaifinsa, idan ya yi kuskure a gyara masa maimakon a maye gurbinsa da wani kafin mako ya zagayo. Ed Oliver, wanda manyan jami'o'i suka yi ta zawarcinsa, ya zaɓi Houston ta garinsu a 2016, lokacin da ba ta cikin manya, ya fara wasa nan take, kuma a 2019 ƙungiyar Buffalo Bills ta ɗauke shi a matsayi na 9 a zaɓen sabbin 'yan wasa da NFL ke yi duk shekara. Quinyon Mitchell ya yi zamansa a Toledo har ya gama, Philadelphia Eagles ta zaɓe shi na 22 a 2024, ya ɗauki kofin Super Bowl, wato na zakarun NFL, a kakarsa ta farko.

Wanda ya fi burge ni shi ne Ashton Jeanty. Bayan ya yi fice a Boise State a 2023, ƙofar sauya sheƙa a buɗe take gare shi, kuma kowa ya san manyan jami'o'i za su iya ba shi fiye da abin da Boise take iyawa, amma ya tsaya. A kakar 2024 ya yi gudun yadi 2,601 da ƙwallo a hannu, ya zo na biyu a kambun Heisman da ake ba gwarzon ɗan wasan jami'a, ya kai makarantarsa wasannin kifuwar kwano na cin kofin ƙasa, sannan Las Vegas Raiders ta ɗauke shi na 6 a 2025. Abin da ya bari na kuɗin talla a shekara guda bai kai ko kusa da kwantiragin da ɗan wasan da aka zaɓa na 6 yake sa wa hannu ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: a gari irin Boise, inda babu wata babbar ƙungiyar ƙwararru da za ta janye idon jama'a, ɗan wasan jami'a shi ne tauraron gari, kuma dillalin motoci da mai gidan abinci da ƙaramin banki shi suke nema ya yi musu talla. Irin wannan kuɗin bai kai na manya yawa ba, amma na aiki ne da ake gani, kuma wanda ya biya yana nan a bakin titi idan magana ta taso.

Jami'o'in baƙaƙen fata na tarihi suna da martabar da ba za a raina ba, domin Jackson State ce ta fitar da Walter Payton, Mississippi Valley State kuma ta fitar da Jerry Rice. Sai dai a karanta labarin Hunter har ƙarshensa. Abin da ya ja shi can shi ne koci Deion Sanders, kuma da Sanders ya karɓi aikin Colorado a Disamban 2022, Hunter ya bi shi. A Colorado ya ci kambun Heisman a 2024 kafin Jacksonville Jaguars ta ɗauke shi na 2. Kevin Coleman, wani fitaccen matashi da ya zaɓi Jackson State a kaka ɗaya da Hunter, shi ma shekara guda ya yi ya kama gabansa. Duk wanda zai zaɓi ƙaramar jami'a saboda koci, to ya tambayi kansa ko zai iya zama idan kocin ya naɗe tabarmarsa, domin shi ma Ed Oliver kocin da ya ɗauke shi, Tom Herman, kaka guda ya yi tare da shi ya tafi Texas.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai, kuma a yi mini uzuri idan na tsawaita. Ɗan yayana, wanda aka haifa a nan Amurka, ya samu 'yan jami'o'i suna nemansa, sai ga wani mutum ya bayyana a gidan da kati mai ƙyalli yana cewa shi wakilin 'yan wasa ne. Yakan kira yayana da «Baba» har da rusunawa, ya ci tuwo a gidan sau biyu, ya karɓi kuɗin da ya kira na rajistar sansanin gwaji da haɗa bidiyo, ya kuma tabbatar mana cewa wata gidauniyar magoya baya ta tanadi gida da mota da alawus na wata-wata. Na ce masa ina takarda, ya ce ai tsakanin mutanen kirki ba a fara da takarda. Yayana ya ce da ni, «Ƙanina, kada mu ɓata wa baƙo rai.» Yaron ya isa makaranta ya tarar babu wanda ya taɓa jin sunan mutumin, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Tun daga ranar ma'aunina na farko ga kowace jami'a shi ne wane ne zai biya, kuma ina sa hannunsa.

Kada a ɗauka ƙananan mutane irinmu kaɗai ake yi wa haka. Jaden Rashada ya janye alkawarinsa daga Miami ya koma Florida bisa yarjejeniyar dala miliyan 13.85 da wata gidauniyar magoya baya, yarjejeniyar ta rushe kafin ya buga ko wasa ɗaya, aka sallame shi a Janairun 2023, kuma a Mayun 2024 ya maka kocin Florida da wani attajiri a kotu yana zargin an yaudare shi. Matthew Sluka ya ci wa jami'ar UNLV ta birnin Las Vegas wasa uku a jere, sannan ya ajiye riga a Satumban 2024, wakilinsa yana cewa wani mataimakin koci ya yi masa alkawarin dala 100,000 da fatar baki. Jami'ar ta ce ita ta cika duk abin da ta ɗauka a hukumance. Ga misali ɗaya daga babba, ɗaya daga tsaka-tsaki, domin romon baka ba ya duba girman makaranta.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan muni saboda shi a rubuce yake zuwa. Gervon Dexter, yana ɗalibi a Florida, ya karɓi kafin alƙalami na dala 436,485 daga wani kamfanin zuba jari, a madadin kashi 15 cikin ɗari na duk abin da zai samu a NFL, kafin cire haraji, har tsawon shekara 25. Da Chicago Bears ta ɗauke shi a 2023 sai ya garzaya kotu yana neman a warware masa igiyar. Saboda haka takarda kaɗai ba ta isa ba, sai lauyan da iyali suka ɗauka da kuɗinsu ya karanta ta, ba wanda dillali ya kawo ba. A nemi sanin tsawon wa'adin da aka mallaka wa wani sunan yaro da hotonsa, a ƙi duk sharaɗin da ya ce har abada, a duba abin da zai faru idan yaro ya ji rauni ko aka kore koci, da kuma ko za a nemi ya mayar da kuɗi idan ya sauya makaranta. La'adar wakili a kwantiragin NFL ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari, domin ƙungiyar 'yan wasan ta ƙayyade ta, amma a kasuwar tallan ɗalibai babu irin wannan shinge, kuma kusan kowa yana iya buga kati ya kira kansa wakili. Duk wanda ya nemi a biya shi kafin ya kawo ciniki, a raka shi bakin ƙofa.

Haraji ma yana cin mutane ba su ankara ba. Kuɗin talla ba albashi ba ne da ake cire wa haraji tun daga tushe, yaro ne zai lissafa ya biya da kansa, kuma wanda ya kashe duka a mota zai ga takardar hukuma a watan Afrilu. Jihohin Teksas da Fulorida da Tenesi da Nebada ba sa karɓar harajin kuɗin shiga na jiha, Kaliforniya kuwa tana cikin masu tsanani, don haka tayi biyu masu adadi ɗaya ba lallai su zama ɗaya a aljihu ba. Sannan a ƙarƙashin sabon tsari, duk cinikin talla da ya kai dala 600 daga wani na waje dole a shigar da shi a manhajar NIL Go domin a tantance, kuma dillalin da ya ce a bar maganar tsakaninmu yana jefa cancantar yaro ta buga wasa cikin haɗari ne.

Ga waɗanda 'ya'yansu za su taso daga Najeriya ko Gana ko Nijar, tun da yanzu NFL tana shirya sansanonin zaƙulo matasa a Afirka, akwai ƙarin shinge: bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin kuɗi a cikin Amurka, kuma tallan da yaro ya yi yana ƙasar zai iya jawo a soke masa biza. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango mai ƙwallon kwando a Kentucky, sai da tawagarsu ta je tsibiran Bahamas a 2022 ya samu damar yin ayyukan tallansa. Ga irin wannan yaro, cikakken tallafin karatu da ya ƙunshi kuɗin makaranta da masauki da abinci da inshorar lafiya ya fi duk wani adadi da aka faɗa masa a waya, kuma ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar shi ne wurin da za a fara kai takardar kafin a kai ta ga koci.